Katin Hawa na Goggo Valmai

Mourilyan, 6 ga Maris, 1994

Kerryn 'yata,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙasar rake da kwaɗi. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran nan da ban taɓa gani ba sai a katin Kirsimeti. In kin manta ni, ni ce Valmai, 'yar ƙanen kakanki, wadda marigayi babanki yake kira Kaza saboda surutu. Goggonki ce ni ke nan, ko kin so ko ba ki so.

Mu nan lafiya lau, in ban da ruwa. Damina ta zauna mana kamar baƙon da ya manta hanyar gidansu. Takalmana sun yi fumfuna a ƙarƙashin gado, ɗana Darryl yana ta zagaya gonar rake yana ƙunƙuni, matarsa Glenys kuma a falo take shanya.

Jikina garau yake, ido ne ya fara yi mini rowa. Likitan Cairns ya ce tsakiyar ganina ce ke cinyewa, gefe zai ɗan rage mini, amma tsakiya tafiya take, kuma babu aikin da za a yi mata. Yanzu duk abin da na kalla akwai wani tabo toka-toka a tsakiyarsa, kamar an dangwala yatsa a gilashin taga. Na ce, "To likita, zuwa yaushe?" Ya hau juya biro. Na ce, "Ɗana, ba aurenka na nema ba, tambaya na yi." Sai ya ce in akwai abin da nake son gani, kada in bar shi sai baɗi.

Akwai kuwa. So nake in ga Dutsen Corrigan fari fat da ƙanƙara daga can sama, sau ɗaya, in sauko a kan katakon zamiya. Rabona da shi tun ranar da mijina Aldo ya ɗauko ni daga kicin ɗin masaukin dutsen ya kawo ni nan, wai shekara biyu za mu yi mu koma. Shi ya daɗe da kwanciya a maƙabartar Innisfail, ni kuwa har yau ina jiran shekara biyun su cika. A zamaninmu da ƙafa muke hawa, katako a kafaɗa, mu ci rabin yini muna haki, sauka kuma kafin ki gama addu'a kin iso. Kujerar nan da waya ke ja sama ban taɓa zama a kanta ba. Amma nakan yi mafarkinta da rana tsaka, ina zaune a baranda fanka na kaɗawa, sai in ji ƙafafuna na lilo a iska, itatuwa na wucewa ta ƙasa shiru, har sai wani kwaɗo ya yi kuka ya dawo da ni.

Darryl ya ce a tagar sayar da katin hawa kike aiki. Ki yanka mini na sati guda, satin buɗewa ga masu zamiya, farkon Yuni, domin daga nan injin rake zai tashi, kuma in ya tashi Darryl ba ya gane ko uwarsa sai Nuwamba. Ga cek, ga kuma hoto, tunda an ce katin sati sai da hoto. Kada ki kira ni a waya. Waya ba ta barin mutum ya yi tunani.

Goggonki,
Valmai

Jindabyne, 19 ga Maris

Goggo Valmai,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma yi miki sannu da ido. Ban manta ki ba. Ta yaya zan manta, alhali Baba bai taɓa ganin kaza ya wuce ba tare da ya ambace ki ba? Mu duka lafiya. Maigidana Graeme yana ta faskare tun yanzu, yara kuma sun riga sun fara faɗa a kan wanda zai ba ki gadonsa.

Wasiƙarki a wurin aiki na buɗe ta, hoton ya faɗo kan kanta. Shirl, wadda muke zama taga ɗaya, ta riga ni ɗauka. Ta ce, "Kai, wannan 'yar fim ɗin fa?" Na ce goggona ce. Ta ce, "To ke ina aka samo ki?" Mun daɗe muna kallonsa. Rigar ulu mai zanen barewa, ɗankwali a ka, katako ya fi ki tsawo, kina dariya kamar wani ya faɗi a bayan mai ɗaukar hoton. Sai dai Goggo, wannan budurwa ce 'yar ashirin da 'yan kai. Mai tsaron kujera fuska yake dubawa ya dubi kati, kuma wanda ke kujerar sama, tsoho Wal, ko matarsa ba ya bari ta hau da katin wata. Sai kin aiko da na yanzu.

Magana ta biyu ta fi nauyi. Goggo, kada ki zo a Yuni.

Ke ma kin sani, in dai zafin arewa bai narkar miki da tunani ba. Satin buɗewa na 'yan birni ne, masu zuwa da sababbin riguna su sha giya su ɗauki hoto. Sau nawa muka buɗe a kan ciyawa, har shanu za su iya kiwo a ƙarƙashin kujera. Ba na so ki kashe sauran ganinki a kan dutse mai launin buhu. Ki zo a Agusta, lokacin da ƙanƙara ke rufe shingaye har kai, itatuwa su sunkuya, sararin sama ya yi shuɗi kamar an wanke shi. In Darryl ba zai samu ba, Glenys ta rako ki, gidanmu ya ishe ku. Kati kuwa da zarar na buga masa kwanan wata ba ya canzuwa, shi ya sa na ajiye cek ɗin sai na ji daga bakinki.

Jiya da yamma na tsaya bakin tafki ina tunaninki. Kin tafi kafin a tare ruwa, ko? Tsohon garinku yana can ƙasa yana barci. In ruwa ya ja sosai mukan ga matakalar coci ta leƙo, yara su hau kai suna cin burodi.

'Yarki,
Kerryn

Jindabyne, 8 ga Mayu

Goggo,

Gaisuwa, da fatan shirun nan ba na ciwo ba ne. Mu lafiya. Da alƙalamin da muke rubuta farashi a allo nake rubuta wannan, domin Shirl ta ce, "Ke dai ba ki da kai. Mace ta ce miki ba ta gani, kin aika mata da rubutu kamar sawun tururuwa." Gaskiyarta.

Ban ce kada ki zo ba. Cewa na yi ki zo a Agusta, lokacin da akwai abin gani. Muna son ki zo. Na riga na aro miki katako da takalma, Graeme ya gyara ɗakin baya. Raɓa ta fara daskarewa a gilashin mota da safe, hayaƙi na tashi daga kowane gida. Ki faɗa mini wata kawai, in buga.

Kerryn

Mourilyan, 20 ga Mayu

Kerryn,

Na gaishe ki, na kuma gode da rubutu irin na mutane. Muna lafiya, ruwa ya ɗauke, takalmana sun bushe sun ƙandare.

Bari ki ji abin da ya faru ki yi dariya. Waccan wasiƙar da gilashin ƙara girma na bi ta, harafi harafi, har na kai ƙarshen shafi na farko, inda kika ce kada in zo a Yuni. Na juya, shafi na biyu tawada ta yi siriri, tabon nan ya zauna a kai daram. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce wato ita ma kallon tsohuwar da za ta karya ƙugu take yi mini. Ban ba kowa ya karanta mini ba, na jefa ta cikin gwangwanin biskit, na yi makonni ina fushi da ke, ke kuwa ba ki ma sani ba. Sai da ta biyu ta zo na ba Glenys ta farkon. Ta karanta, ta ce, "Mama, yarinya tana gyara miki ɗaki, ke kina nan kina zaginta a gaban kaji."

To, Agusta. Ba zan ɓoye miki ba, tsoro nake ji. Tabon ya girma. A Maris fuskar Darryl kawai yake rufewa in ya tsaya a ƙofa, abin da ban yi baƙin ciki sosai ba, yanzu kuwa har kafaɗunsa. Amma ke ce kike kallon dutsen nan kullum ta tagarki, ni kuwa a ka kawai nake kallonsa, kuma a kaina ba a taɓa yin Yunin ciyawa ba. Na yarda da ke. Ki buga sati na biyu na Agusta. Glenys za ta rako ni, ta riga ta sayi wata hula da ko maƙiyi ba za a so wa ba.

Hoto kuwa, wannan da na aiko shi za ki manna. Wadda ta iya zamiya ita ce a jikinsa, tsohuwar nan rake kawai ta sani. Ban da haka, in na tsaya gaban madubi yanzu, daidai inda fuska take nan tabon yake zama. Ban san kamannin matar da kike son hotonta ba. Ki ce wa Wal ɗin naku in yana da magana ya jira ni.

Goggonki,
Valmai

Mourilyan, 14 ga Yuni

Kerryn,

Gaisuwa. Muna lafiya, inji ya tashi, gari duk ƙamshin sukari. Rediyo ya ce ƙanƙara ta sauka muku irin wadda tsofaffi suka daɗe ba su gani ba a farkon sanyi, wai har ta rufe motoci, sannan rana ta fito. Da gaske ne? Ki ba ni labari, ki faɗa mini launin komai.

Valmai

Jindabyne, 10 ga Yuli

Goggo,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara a kan daɗewa. Lafiyarmu ƙalau. Kunya ce ta riƙe mini hannu, na fara wasiƙar nan na yage ba sau ɗaya ba.

Da gaske ne. Ana saura 'yan kwanaki a buɗe ƙanƙarar ta fara sauka, a hankali, babu ko iska, manya-manya kamar ana fige agwagwa a sama. Ta yi kwanaki tana zuba. Ranar da ta tsaya sama ta buɗe, kuma satin nan gaba ɗaya, satin da kika ce in yanka miki, ko ɗigon gajimare babu. Kin ce in faɗi launi. Da safe kan dutsen ruwan hoda ne, kafin hantsi ya koma fari mai sa hawaye, inuwar itatuwa shuɗiya a kwance a kai. Da yamma komai ya zama ruwan zuma. Daga kujerar sama ana hango tafki kamar tire da aka goge.

Ina zaune a taga ina miƙa wa mutane kati, kowanne na miƙa sai in ji kamar naki ne na ba wani. Wani saurayi ya ce, "Madam, yau ranar murna ce, me ya ɓata miki rai?" Shirl ta ce, "Karɓi canjinka ka yi gaba, yaro." Ni na hana ki, Goggo. Na yi miki iyayi da ilimin dutse, dutsen kuwa ya kunyata ni. Da na bar ki da zaɓinki, da yanzu kin gani kin ajiye.

Katinki yana nan na buga. Hoton budurwar na manna, na rufe shi da roba da hannuna. In shugabana yana da magana, ni da shi. Ki faɗa mini gaskiyar yadda idon yake.

Kerryn

Mourilyan, 22 ga Yuli

Kerryn,

Glenys ce ke riƙe da alƙalami, ni ke magana, daga nan kin san amsar tambayarki. Muna lafiya. Na sa ta karanta mini wurin launukan har ta gaji. Na yi kuka, ba zan ce ban yi ba, na kuma yi kwana biyu ba na son jin sunanki. Ya wuce. Muna nan tafe yadda aka shirya. Ki tanadi miya mai zafi, ki kuma daina yaga takarda, tsada gare ta.

Valmai

Mourilyan, 29 ga Agusta

Kerryn 'yata,

Gaisuwa gare ki da Graeme da yara, da Shirl mai baki. Mun iso lafiya. Ƙuguna yana nan inda Allah ya ajiye shi, sai dai ɗuwawu ya yi launuka, in ji Glenys, wadda ke rubutun nan tana dariya. Darryl ya tarye mu da tambayar ko na gani. Na ce masa ya je ya ji da rakensa.

Ke zan ba amsa, domin tun daga kan dutsen har tashar mota ba ki bar ni na yi magana ba. Da na buɗe baki sai ki ce, "Goggo, ki yafe mini." Na yafe tun a Yuli. Yanzu ki zauna ki saurara, Glenys ma ba ta ji ba, tunda a ƙasa ta tsaya rungume da kofin koko.

Kin san yadda satin ya kasance. Gajimare ya sauko ya zauna a kan dutsen tun ranar da muka iso, kullum ki leƙa taga ki ce gobe zai tashi, ni kuwa in zauna gaban murhu katina a wuya kamar saniyar gwanjo. Ranar ƙarshe kika ce babu amfanin hawa. Na ce kati na saya, kuma ban zo daga ƙarshen duniya don in ɗumama ƙafa ba.

Wal ɗinku ban ga fuskarsa ba, warin taba da man inji na ji. Ya kama katin. Ina jin numfashinki a gefena kamar wadda aka kama da kayan sata. Ya daɗe, ya dubi kati, ya dube ni. Sai ya ce, "Gyaran gashi kika yi, 'yan mata?" Na ce, "Kaɗan na rage." Ya ce, "Ya karɓe ki. Matso, ga kujera nan tafe." Ki gaishe shi, ki ce ban taɓa jin ƙarya mai daɗin wannan ba.

Kujerar ta zo ta baya ta ɗauke ni kamar yadda Baba yake ɗaukata ya ɗora a doki. Ƙasa ta sake ni. Ƙafafuna suka yi lilo, daidai yadda nake ji a baranda, sai dai babu kwaɗo. Da farko ina ganin itatuwa ta gefen ido, baƙi-baƙi, suna wucewa ta ƙasa, tabon kuma yana gabana yadda ya saba. Sannan muka shiga gajimaren. Itatuwa suka tafi, waya ta tafi, ƙarar inji ta koma baya har ta mutu. Ba abin da ya rage sai ƙanƙara tana taɓa mini kumatu.

Da muka sauka a sama kika ce, "Daga nan ake ganin tafki." Kika hau lissafa mini abin da babu, ga inda kwari yake, ga inda duwatsu suke jere, kina kuka kina nuni da sanda, alhali ke ma ko ƙarshen sandar ba kya gani. Ni kuwa ina tsaye ina juya kai hagu da dama, ina neman abu ɗaya, ban same shi ba.

Tabon nake nema, Kerryn. Ya fi shekara yana gabana. Yana kan shayina da safe, yana kan fuskar jikokina, yana kan bagade ranar Lahadi. Duk inda na kai ido ya riga ni isa. A can sama na duba gaba, fari. Na duba ƙasa, fari. Na ɗaga kai, fari. Babu abin da zai rufe, sai ya rasa wurin zama. Na ƙifta ido na sake ƙiftawa, bai dawo ba. Tun daga wannan gefe har wancan, idona cike yake, babu rami a tsakiya, kamar na yarinyar da ke rataye a wuyana. Na ji daɗin da ban ji ba tun ina budurwa, har na ji kunyar yin dariya kusa da mai kuka.

Na yi ta tunani a mota. Da na zo a Yuni, da na ga ruwan hodan nan naki da ruwan zuma, gaskiya ne, amma gefe-gefe zan gan su, da toka a daidai kan dutsen. Da wannan zan dawo da shi gida in ajiye har ƙarshe. Ban ce kin yi dabara ba, kada kanki ya kumbura. Kuskure kika yi, ya faɗo mini daidai.

Saukowa kuwa kin sani. Kina gaba kina buga sandunanki ɗaya a kan ɗaya, ina bin ƙarar. Na faɗi har na daina ƙirgawa. Amma akwai wani wuri, bayan mun wuce inda rafi ke gunaguni a ƙarƙashin ƙanƙara, da gwiwoyina suka tuna da kansu, na karkata hagu na karkata dama ba tare da na yi shawara da kowa ba. Kin ji ihun da na yi kika zaci karyewa na yi. Sunan Aldo na kira, in gaya masa shekara biyun sun cika.

Tabon ya dawo tun kafin mu kai gindin dutse, ya sauka a kan hular Glenys, inda ya fi dacewa. Yana nan yanzu, ya ma ƙara faɗi. Amma in ya dame ni nakan fita baranda in rufe ido, in koma can in tsaya.

Katin yana rataye a ƙusar kicin kusa da kalanda. Glenys ta ce yarinyar tana ta dariya har yanzu. Ki sa mini suna a na baɗi, sati na biyu na Agusta, kuma kada ki roƙa mini rana. Hoton da za ki manna kin san shi.

Goggonki,
Valmai